Amsoshin Tambayoyinku: Ko Zan Iya Yin Hutu a Kan Ruwa a Tafkin Kainji?

TAMBAYA: Ni tsohon ma'aikaci ne, na yi ritaya bara, shekaruna 61, kuma tun da nake ban taɓa sa ƙafata cikin jirgin ruwa ba. Jikata ta nuna mini wani ƙaton jirgi a waya, kamar unguwa guda, wai mutane na biya su kwana bakwai a ciki suna zagaya tsibirai. Abin ya shiga raina. Surukaina suna Yawuri, kuma ina da niyyar kai musu ziyara. Shin akwai irin wannan jirgi a tafkin Kainji? In babu, me wanda bai saba ba zai tarar idan ya shiga namu, kuma wane lokaci ya fi? Daga wani mai karatu a Sakkwato.

AMSA: Allah ya sanya albarka a hutun da aka samu bayan doguwar hidima.

Babu irinsa a Kainji. Wannan jirgin teku ne, kuma da yawa daga cikinsu daga birnin Miyami na Amurka suke tashi su zagaya tsibiran Karebiyan, inda ba a sanyi duk shekara. Ɗaya daga cikin mafiya girmansu, Icon of the Seas, ya fara ɗaukar fasinja a watan Janairun 2024. Tsawonsa mita 365, hawansa 20, yana iya ɗaukar mutum 7,600 ban da ma'aikata sama da 2,000. Mutum zai kwanta a ɗakinsa, jirgi na tafiya cikin dare, gari ya waye masa a bakin wani tsibiri. Idan kana son na kusa da mu, akwai jiragen kogin Nilu a Masar da ke kwana uku ko huɗu tsakanin Luksor da Aswan, akwai kuma jirgin Aroya da ya fara tashi daga Jidda a ƙarshen 2024. Dukansu sai da fasfo da biza da kuɗin waje masu nauyi.

Abu ɗaya nake so ka ɗauko daga waɗancan jirage ka taho da shi Yawuri, kuma ba katifa ko abinci ba ne. Kafin jirgin ya bar tasha, ana rubuta sunan kowa, a nuna wa kowa inda rigar ruwansa take da inda zai nufa in an busa ƙararrawa. An ƙara tsaurara wannan doka bayan jirgin Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar Italiya a watan Janairun 2012, mutum 32 suka rasu. A ganina wannan ne babban bambancin da ke tsakanin jiragensu da namu, kuma shi ne kaɗai bambancin da mutum ɗaya zai iya cikewa da kansa ba tare da ya jira gwamnati ba.

Yanzu ga abin da za ka tarar. Daga Sakkwato za ka bi ta Jega da Koko ka sauka Yawuri, garin da ke daidai inda kogin Kwara ya fara buɗewa ya zama tafki. An soma gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, ruwan da ta tare ya kwanta tsawon kilomita kusan 135, faɗinsa a wani wurin ya haura kilomita 20. A bakin ruwa za ka ga dogayen jiragen katako masu inji a baya, wasu da rumfar leda ko ta kwano, ana loda musu buhunan albasa da shinkafa da babura da awaki, mutane na zaune a kan allunan da aka gitta. Waɗannan jiragen kasuwa ne, su ne motocin mutanen ƙetare da na tsibirai, irin masu tsallakawa tsakanin Zamare da Rofiya. Ina roƙonka, tafiyarka ta farko kada ta zama a cikinsu, balle ranar kasuwa. Ka sa surukanka su kai ka wajen Sarkin Ruwa ko shugabannin masu jirgi, a zaɓo maka matuƙi dattijo ɗan wurin, ku yi shata. Ku daidaita kuɗi da inda za a je da lokacin dawowa tun kuna kan tudu.

Minti goman farko su ne masu wuya. Da ka ɗora ƙafa jirgin zai karkata, zuciyarka ta ce maka kifewa zai yi. Ba kifewa ba ne, haka yake karɓar kowa. Ka sunkuya, ka taka tsakiya, ka zauna, kada ka sake miƙewa sai an ce ka tashi. Za ka ga ruwa kwance a ƙasan jirgin da yaro yana kwarfewa da rabin jarka. Jirgin katako ba ya rabuwa da ɗan yoyo, abin dubawa shi ne ko yaron na cin ƙarfin ruwan ko ruwan ne ke cin ƙarfinsa. Ranar da na fara shiga, har sai da yatsuna suka sage saboda riƙon gefen jirgi, kuma ban san lokacin da na saki ba. Na dai tsinci kaina ina kallon wani masunci tsaye a bakin kwale-kwalensa yana wurga birgi, ragar ta buɗe a sama kamar faifai ta sauka a hankali. In jiri ya taso maka, ka ɗaga ido ka kafa shi a kan tudu mai nisa, ka daina kallon ruwan da ke gudu a gefenka. Kada ka shiga da yunwa, kada kuma ka cika ciki da maiƙo. Ɗan guntun citta a baki yana taimakon wasu. Ka riƙe hula mai faɗi, domin rana a kan ruwa ta sama da ta ƙasa take dukan mutum.

Idan kun yi nisa da gaɓa, ka roƙi matuƙi ya kashe inji na ɗan lokaci. Wannan shi ne abin da ya fi komai zama a raina. Ƙara na ɗaukewa sai ka ji ruwa na lasar katako, ka ji muryar mutanen da ko ganinsu ba ka yi sosai. A nan ya kamata ka tuna abin da ke ƙarƙashinka. Da aka tare kogin, mutum sama da 40,000 aka tayar daga garuruwansu. Gungawa, waɗanda sunansu ma daga gungu ya fito, wato tsibiri, sun bar tsibiran da kakanninsu suka noma, aka gina musu sababbin ƙauyuka a kan tudu. Tsohuwar Busa ta nutse gaba ɗaya, tare da duwatsun da Bature Mungo Park ya halaka a cikinsu a 1806, jim kaɗan bayan ya wuce ta Yawuri. A 1830 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, sun zo Yawuri neman takardunsa, suka yi makonni, daga baya suka bi kogin har inda ya faɗa teku. Idan matuƙinka Bagunge ne, ka tambaye shi inda garin iyayensa yake a da. Sau da yawa zai nuna maka wani wuri a tsakiyar ruwa, inda kai ba ka ganin komai, ya kira sunansa.

Wannan tarihin shi ne kuma tushen haɗarin. Ba duk itatuwan da ruwa ya rufe aka sare ba, kututtukansu na nan tsaye a ƙasa. Tafkin kuma ba ya zama wuri ɗaya. Sau biyu ruwa ke zuwa masa a shekara: farin ruwa na daminarmu, wanda ke zuwa da laka wajen Agusta zuwa Oktoba, da baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali har lakarsa ta kwanta, ya iso mana cikin hunturu. Tsakanin cikarsa da janyewarsa akan sami kusan mita 10. Idan ya janye, kututtukan na matsowa kusa da cikin jirgi, kuma farkon damina hadari kan taso da iska nan take. Saboda haka na fi so ka je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ka fita da hantsi ka dawo kafin azahar, ranar da hazo ya yi kauri kuma ka haƙura.

Ba zan ɓoye maka ba, wannan ruwa ya ci mutane. Ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgi da ya taso daga ɓangaren jihar Neja ɗauke da mutum sama da 150 ya tsage ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, waɗanda aka ceto da rai ba su fi ashirin da 'yan kai ba. A Oktoban 2023 wani jirgin 'yan kasuwa da ya nufo Yawuri shi ma ya kife. Kusan kullum dalilan ba sa canzawa: lodi fiye da kima, tsohon jirgi, tafiyar dare ko cikin iska, da rashin rigar ruwa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare kuma ta wajabta sa rigar, hukumar raya yankunan madatsun lantarki, HYPPADEC, ita ma ta raba riguna a garuruwan bakin tafkin. Amma za ka ga inda aka tara su a gefe ba mai taɓawa, wani ma ya ce maka ai in kwana ya ƙare riga ba ta hanawa. Gaskiya ne ajali na hannun Allah, amma shi ne ya umarce mu da riƙo da sababi. Ka sa taka, ka ɗaure igiyoyinta har ta kama jikinka, ka tabbatar duk wanda ka ɗauko ya sa tasa, yara kuma a ba su daidai girmansu. In babu riga, a fasa tafiyar. Ka kuma bar wa wani na gida sunan matuƙi da adadinku da lokacin dawowarku.

Batun tsaro ma sai an tambaya. Wasu sassan Ngaski da Shanga da dajin da ke yammacin tafkin sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, don haka kada sha'awa ta kai ka tsibirin Foge ko wani wuri mai nisa sai mutanen gari sun ce hanya lafiya. Awa biyu a kusa da Yawuri sun ishi mai farawa. Za ka ga gonakin albasa a inda ruwa ya janye, da sansanin masunta da hayaƙin bandar kifi. In kun hango dorina, daga nesa ake kallonta, musamman mai ɗa, kuma matuƙin kirki ba zai matsa ba ko ka roƙe shi.

Idan har zuciyarka ba ta kwanta ba, ka sa ziyarar ta dace da bikin Rigata da masarautar Yawuri ke shiryawa, inda ake tseren kwale-kwale da ninkaya. Ka tsaya a gaɓa ka kalli yadda 'ya'yan ruwa ke sarrafa kwale-kwale, washegari da safe ka shiga. A hanyar dawowa ka ce wa matuƙi ya ratsa da ku wajen masunta ka sayi giwan ruwa ko tarwaɗa ɗanya, ka kai wa surukai. A gaishe mana da jikar taka, in iyayenta sun yarda kuma an sami riga daidai ita, a tafi da ita.