Me Ya Sa Maganin Zogi Ke Ɗaure Ciki?

A hutun da ya wuce yayana ya faɗi a kan babur, ya karye a cinya. Da aka kwantar da shi a asibiti sai aka yi ta yi masa allurar mofin don ya sami sauƙin zogi. Zogi kam ya lafa, amma kwana huɗu cur bai zaga ba, ciki ya yi tauri kamar ganga. Inna ta ce ai abincin asibiti ne. Likita ya ce a'a, allurar ce. Ni kuwa abin ya ɗaure mini kai: ina ruwan maganin ciwon ƙafa da hanji? Da muka komo makaranta na tambayi malaminmu na kimiyya, na kuma yi 'yan karance-karance. Ga abin da na samo.

Hanjin mutum lulluɓe yake da wata irin tsoka da ake kira tsoka mai santsi. Ba ta bin umurninmu kamar ta hannu ko ta ƙafa. Shimfiɗa biyu ce, ɗaya ta zagaye hanjin kamar zobe, ɗaya ta bi tsawonsa. A tsakaninsu akwai jijiyoyi masu kai saƙo, sun saƙu kamar raga. Su ne ke gaya wa tsokar ta matse a nan, ta saki a can gaba, da haka abinci ke tafiya.

To, jijiya ba ta taɓa tsoka, akwai ɗan rata tsakaninsu. In saƙo ya iso bakin jijiya, sai waɗansu 'yan ƙofofi su buɗe, sinadarin kalsiyam da ke waje ya kwararo ciki. Shigarsa ita ke sa waɗansu ƙananan jakunkuna su zubo wani sinadari mai suna asetilkolin. Shi ne ɗan aiken da ke tsallaka ratar ya ce wa tsoka ta matse. Watau in kalsiyam bai shiga ba, ɗan aike ba ya fita, ko da saƙo ya zo.

Nan ne mofin ke yin ɓarnarsa, shi da 'yan'uwansa irin su kodin. A jikin jijiyar akwai wani gurbi da ya dace da su kamar makulli da kwaɗo. Da sun zauna a gurbin sai ƙofofin kalsiyam su ƙi buɗewa sosai, ƙofofin fotasiyam kuma su buɗe, jijiyar ta yi sanyi. Ɗan aike ya ragu ke nan. Har jijiyoyin da ke cewa a saki su ma ya shafe su, sai hanji ya riƙa damƙewa ba tare da ya tura kome gaba ba. Kashi ya daɗe a ciki, jiki ya tsotse ruwansa, ya bushe. Wannan ita ce maƙarƙashiyar yayana.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka gano haka. A 1957 wani Bature, William Paton, ya rataya guntun hanjin ɓeran Masar a cikin ruwan gishiri, yana ba shi wutar lantarki kaɗan-kaɗan, hanjin na zabura. Da ya ɗiga mofin sai zaburar ta ragu. Daga baya aka ga in an ƙara kalsiyam a ruwan, ƙarfin mofin yakan ja baya. Da irin wannan gwaji ne John Hughes da Hans Kosterlitz na Aberdeen suka gano a 1975 cewa jiki da kansa yana yin nasa sinadari mai kama da mofin, wai shi enkefalin. Ashe gurbin nan ba don ƙwaya aka yi shi ba!

Akwai wani abu da ya kamata 'yan'uwana ɗalibai su ji, musamman da yake shan kodin ya yi yawa har sai da gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin a 2018. Ƙwaƙwalwa takan saba da ƙwayar, mai sha ya yi ta ƙara yawanta don ya ji abin da ya saba ji. Babban hanji kuwa ba ya sabawa haka. Muddin ana sha, maƙarƙashiya na nan, tana ma iya ƙaruwa.

Yayana dai an ba shi maganin sakin ciki, aka ce ya yawaita shan ruwa. Da aka daina allurar ciki ya saki. Inna kuwa har yau tana nan a kan bakanta, wai tuwon asibiti ne.