Don Me Masu Gasar Iyo Kan Bar Ruwa Tun Suna Yara?

Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Iyo, wato ninƙaya, wasa ne mai motsa dukkan gaɓoɓin jiki, kuma makami ne na ceton rai. Amma akwai wani abin mamaki game da shi. Yara da yawa sukan fara gasar iyo tun suna 'yan shekara bakwai ko takwas, su yi ta cin lambobi, sai kuma daidai lokacin da ƙarfinsu ya fara kawowa a neme su a rasa. Bari mu duba abin da ke kawo haka, da kuma maganinsa.

Ga misalin wata yarinya 'yar ƙasar Ostireliya mai suna Shane Gould. A wasannin Olamfik na 1972 da aka yi a birnin Munik na Jamus, ta ci lambobi 5, uku daga ciki na zinariya, tana da shekara 15 kacal, wato ba ta ma kai waɗansunmu ba. Shekara na kewayowa ta ce ta daina gasa. Sai da ta manyanta sannan ta sāke komawa ruwa, cikin gasar manya.

Dalili na farko shi ne gajiya. Mai son zama gwani yakan shiga ruwa sau biyu a rana, da sassafe kafin a shiga aji, da kuma la'asar, kusan kullum. Jiki yakan gaji, musamman kafaɗu, zuciya ma takan ƙosa. Abokansa na hira da wasa, shi kuwa yana kai da komowa tsakanin bango biyu.

Na biyu shi ne girma. Yaro yana ƙara tsawo, gudunsa a ruwa yana ƙaruwa kowace shekara, ko da bai wahala sosai ba. Idan tsawo ya tsaya, sai ya shekara yana fama bai rage ko rabin daƙiƙa ba. Ga shi kuma waɗanda yake tsere wa a da sun yi girma sun cim masa. Wanda ya saba da zuwa na ɗaya, in ba a yi masa bayani ba, sai ya zaci baiwarsa ce ta ƙare.

Na uku shi ne karatu da halin rayuwa. Shekarun da horo yake tsananta su ne shekarun babbar jarrabawa. Bayan makaranta kuma ga neman aiki, ga aure. A ƙasarmu akwai ƙarin matsala, domin wuraren iyo na gasa, masu tsawon mita 50, ba su da yawa, galibinsu kuma a manyan birane suke. 'Yan mata kuwa, in ba a ware musu lokacinsu da tufafin da suka dace ba, da sun fara girma sai su janye.

To, mene ne magani? Da farko kada a yi wa yaro gaggawa, gama sannu ba ta hana zuwa. A bar shi ya koyi duk salon iyo huɗu: na rub-da-ciki, da na rigingine, da irin na kwaɗo, da na malam-buɗe-littafi, kuma a bar shi ya taɓa ƙwallo da guje-guje. In salo ɗaya ya ƙi ci gaba, wani zai ba shi daɗi. Iyaye kuma, maimakon su tambayi ɗansu na nawa ya zo, gara su tambaye shi ko ya fi gudunsa na bara.

Na biyu, wanda ya gaji a ba shi hutu, kada a rufe masa ƙofa. Anthony Ervin na Amurka ya ci zinariya a tseren mita 50 a Sidini a 2000, yana da shekara 19. Ya bar iyo a 2003, ya yi shekaru bai yi gasa ba, sannan ya dawo. A Riyo, a 2016, ya sāke cin zinariya a wannan tseren yana da shekara 35.

Na uku, a shirya wa manya tasu gasar. A Amurka an fara irin wannan tun 1970, yanzu kuwa har ta duniya ake yi. Ana shiga ta duniyar daga shekara 25, kuma ana kasa mutane aji-aji, tazarar shekara biyar-biyar, kowa ya kara da tsararsa. Mu ma muna da abin koyi a gida. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, akwai wasannin kabanci a kogin Matan Fada: tseren iyo, da nutso, da tseren kwalekwale, da kamun agwagwa. Magidanta ne ke shiga tare da samari, ga Sarkin Ruwa ana girmama shi. Yaron da ya ga haka ya san cewa gwanintar ruwa tana da daraja har tsufa.

Na huɗu, wanda ya daina tsere yana da sauran aiki a bakin ruwa. Yana iya zama mai horarwa, ko alƙalin gasa, ko mai ceton waɗanda ruwa ya ci ƙarfinsu. Kirsty Coventry ta Zimbabuwe ta ci lambobin Olamfik 7, ta zama ministar wasanni ta ƙasarta a 2018, sannan a 2025 aka zaɓe ta shugabar kwamitin Olamfik na duniya, mace ta farko kuma ta farko daga Afirka.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, kowace damina mukan ji labarin jirgin ruwa ya kife a Kwara ko Binuwai, ko yaro ya nutse a kududdufi. Duk gwanin iyo da ya bar ruwa yana ɗan shekara 16, mun yi asarar malamin da zai koya wa ƙannenmu yadda za su fid da kansu. Saboda haka mu riƙe su da kyau. Allah ya tsare mu, ya sa mu dace, amin.