Sassaucin Doka da Wajibin Ɗan Kasuwa

Tun daga ranar 27 ga Fabrairu 2020, da aka tabbatar da ɓullar cutar korona a Legas a jikin wani Bature ɗan Italiya, har zuwa watan Afrilu da ta iso Sakkwato, mutanen Kurawa da Sabon Birni da Isa sun sami ƙarin ƙunci bisa ga na rashin tsaro da suke ciki: aka rufe makarantu, aka hana ƙetare iyakar jiha, hatta aikin Hajji bai yiwu ga maniyyatanmu ba a shekarar 2020. Daga bisani hukuma ta shiga sassautawa sannu a hankali. Ranar 4 ga Mayu aka saki Legas da Abuja, ranar 1 ga Yuli aka halatta tafiya tsakanin jihohi, ranar 16 ga Disamba kuma aka buɗe iyakar Illela, wadda ke rufe tun Agustan 2019 saboda fasa-ƙwauri.

To, ya kamata mai karatu ya fahimci cewa an sassauta ne domin talaka ya nemi abin sakawa a bakin salati, alhali a lokacin annobar tana nan inda take. Hujja kuwa ita ce, a watannin Disamba da Janairu cutar ta sake tasowa fiye da karon farko, har ya zama dole Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu, ranar 26 ga Janairu 2021, a kan dokar da ta wajabta sa takunkumi a wuraren taruwar jama'a. Annoba dai hanyar fatake take bi. Murar 1918 ta jirgin ruwa ta shigo Legas, jirgin ƙasa ya ɗauko ta zuwa Arewa. Ta korona kuwa motar da ta kai hatsi kasuwar Shinkafi, ko baƙon da ya taso daga Maraɗi, sun isa su kawo ta ba tare da sanin kowa ba, domin mutum yakan ɗauke ta har kwana 14 kafin alamarta ta bayyana, wani ma ba ta bayyana sam.

Wanda ya ce ɗaukar matakan kariya rashin tawakkali ne, sai ya tuna cewa Sayyadina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham sa'ad da labarin annoba ya riske shi, kuma ba mu fi shi imani da ƙaddara ba.

Game da wajibin ɗan kasuwa kuwa, dubi teburin mai shayi da hantsi. Kofi goma, bokiti ɗaya, ruwan ya yi fari fat da madara tun asuba, ana tsoma kofin wannan a miƙa wa wancan. Gyaran abu ne mai sauƙi: bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya, a riƙa sauya ruwan. Haka mai fura da ludayinta, haka mai tuwo, wadda ya fi kyau ta aje buta da sabulu a zuba wa kowa, maimakon kwanon wanke hannu guda da mutum ashirin za su tsoma. Wankin kuma a cuɗa shi bayan hannu da tsakanin yatsu kamar daƙiƙa 20. Ɗan shafa ruwan da muke yi cikin gaggawa bai wadatar ba.

Tun da yake cutar a numfashi da tari da atishawa take tafiya, mai shago ya bar ƙofa da taga a buɗe, ya tsayar da masu saye taku biyu tsakaninsu, direba ya sauke gilashi, wanzami da tela su rufe hanci da baki, don takunkumin da ke rataye a haɓa ado ne kawai. Dattijo in ya miƙo hannu, a dafa ƙirji a ce, "Baba, a gafarce ni, saboda lafiyarka ne," gama tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini ta fi kayarwa.

Yaron shago kuwa, idan ya tashi da zazzaɓi da busasshen tari, ko ya daina jin ƙamshi da ɗanɗano, maigida ya sallame shi ya je asibiti a duba shi, kada kuma ya yanke masa ladan kwanakin, domin tsoron yankan nan shi ke sa yara ɓoye ciwo su zo aiki.