"Bar Shi Haka, Wa Zai Lura?"



Aikina a lokeshin ɗin fim shi ne kula da sutura da duk kayan da kyamara za ta ɗauka, daga hular jarumi har kwanon tuwon da ke gabansa. Kullum ina tsakanin darakta da tela da mai girki, kuma abu ɗaya na gani a wurinsu duka: aikin da ya fita daban ba lallai ne ya fi saura cin kuɗi ba. An dai samu wani ne da ya tsaya a kan ƙananan abubuwan da wasu ke cewa a bar su haka, wa zai lura.

Bari in fara da gidanmu na fim. Masu kallo da yawa ba su san ba a ɗaukar fim a jere yadda labarin yake ba. In aka samu aron gida, duk abin da ya shafi gidan a lokacin ake ɗauke shi, ko da a labari watanni ne tsakani. Jarumi zai miƙe daga falo yau, amma fitowarsa ƙofar gida sai wani makon, a wata unguwa. A nan ne mutum ke tashi da hula zanna ya fito da dara, agogo ya koma hannun dama, lallen amarya ya koɗe tsakanin ɗaki da zaure, kofin shayin da aka sha rabi ya sake cika. Maganin wannan ba shi da tsada. Kafin darakta ya ce "akshin", a ɗauki hoton kowa da waya daga kai har ƙafa, a rubuta lambar sin a littafi, in an ce "kat" a sake ɗauka. Sai dai dole ya zama aikin mutum guda da aka ɗora wa alhakinsa. In aka ce kowa ya sa ido, to babu mai sawa.

A zamanin kaset, tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990, dushi-dushin hoto ya rufa mana asiri. Yau Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina a waya ake kallonsu. Mai kallo zai tsayar, ya mayar baya, ya ɗauki hoton kuskuren ya watsa a Facebook kafin gari ya waye.

Bayan haka akwai gaskiyar suturar kanta. Manomi ya dawo daga gona da riga mai karin guga. Matar da labari ya ce ba ta da na cefane ta farka daga barci da jan baki da gashin ido. Fim ɗin dauri, ga bokitin roba a tsakar gida, ga wayar lantarki ta ratsa saman bukka. In za mu sa wa manomi riga, sai mun wanke ta sau da yawa, mu jiƙa ta a ruwan shayi ta rage haske, mu goga ƙasa a gwiwa da wuya, wuraren da tufa ke fara tsufa. Rawani ma ba a naɗa shi da ka: mai kunne biyu na gidan sarauta ne, ba na malamin unguwa ba, kuma ja da kore kayan dogari ne. Ita ma kyamara tana da nata sharaɗin. Yadi mai ƙananan layuka rawa yake yi a hoto, farar shadda mai sheƙi kuwa tana mayar da hasken fitila har fuska ta yi duhu. A Kantin Kwari ake magance wannan, tun wajen zaɓen yadi.

Teloli, ni kafin in karɓi ɗinki sai na juya shi baibai. A ciki ake gane tela: an kalmashe bakin yadi ko an bar shi yana zare, an ƙulle ƙarshen ɗinki, aljihu biyu sun yi daidai. Sai in duba zanen atamfa, ko ya haɗu a gefe, ko tsuntsun da ke gaba yana tsaye na baya yana kife. Wannan kula gadonmu ce. Mai ɗinkin hannu a Zariya kan shafe watanni a kan aska takwas ta babbar riga ɗaya. A marinar Ƙofar Mata, da ake lissafa tarihinta tun 1498, marini ba ya tsoma zane a karofi ya tafi yawonsa. Yana tsomawa yana ɗagawa ya sha iska, domin iskar ce ke mayar da baba shuɗi, kuma yawan maimaitawar ne ke raba shuɗi mai haske da mai duhu.

A wajen abinci kuwa harshe ba ya karɓar uzuri. Ku dubi kilishi. Mai yin na ƙwarai zai zauna ya cire kitse da jijiya tas, domin kitsen da aka bari shi ke sa kilishi ya canza wari in ya kwana biyu. Zai fere naman siriri, kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, don ya bushe tare. Sai shanya, sai tsomawa a labu, sai wata shanyar, sannan a nuna wa wuta kaɗan. Masa ma haka: shinkafa iri ɗaya, yis iri ɗaya, amma wadda ta bar ƙullu ya tashi daidai, ta kuma san zafin tandarta, tata za ta fito da laushi. Wadda ta cika wuta saboda layi ya yi tsawo, tata waje ƙuna ciki ɗanye. Da yawa kuma suna fara sana'a da daɗi, in ciniki ya buɗe sai hannu ya canza, don ba su da ma'auni tsayayye.

Na san za a ce kuɗi. Gaskiya ne, akwai abin da sai da kuɗi, araha ba ta ado. Amma yawancin abin da na lissafa gaggawa ce ke kawo shi: furodusa na son a gama aikin mako cikin kwana uku, tela ya karɓi ɗinkin Sallah fiye da ƙarfin kekensa, mai abinci ta zuba gishiri ba ta ɗanɗana ba. Daga baya a sake ɗaukar sin, a farke riga, a yi asarar kwastoma. Sauri ya haifi nawa.

Shawarata ga furodusoshi, ku ware mutum ɗaya don lura da sutura da kayan sin, ku biya shi, ku ba shi ikon tsayar da ɗauka in ya ga kuskure. Teloli, ku rubuta awo da ranar alkawari, ku iya cewa "na cika" tun farkon azumi. Masu abinci, ku riƙe ma'auni ɗaya, ku koya wa yaranku dalilin kowane mataki, don kada aiki ya lalace ranar da ba ku nan.

Ku kuma masu saye da masu kallo, da hannunku a ciki. Ku kai ɗinki da wuri, ku juya shi baibai a gaban tela kafin ku biya ciko. In kun ga gyara ku faɗa cikin mutunci, in kun ga aiki mai kyau ku biya shi da darajarsa, ku kuma nuna wa wasu shagon. Allah ya sa wa sana'o'inmu albarka.