Dokta Yusufu Bala Usman da Yadda Ake Binciken Tarihi

Da yawa daga cikinmu ɗalibai mun ɗauki tarihi a kan darasin hadda ne kurum: sunan sarki, shekarar da ya hau gadon sarauta, shekarar da ya rasu, sa'an nan a juye wa malami ranar jarrabawa a huta. To, a wannan ɗan rubutu ina so in kawo wa 'yan'uwana labarin wani malami da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da irin wannan karatu, watau marigayi Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Na zaɓe shi ne domin aikinsa a kan ƙasar Hausa yake, kuma hanyar da ya bi za ta yi mana amfani ko a nan Miga.

An haife shi a Musawa ta ƙasar Katsina a 1945. Ɗan gidan sarauta ne, domin mahaifinsa shi ne Durɓin Katsina, kakansa kuwa Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya hau sarauta a 1906, shekarar nan da Turawa suka ci Haɗejiya da yaƙi. Ya yi karatun sakandare a Kwalejin Gwamnati ta Kaduna, daga nan ya tafi Ingila ya sami digirinsa na farko a Jami'ar Lancaster. Da ya komo gida a 1967 sai ya kama koyarwa a Kwalejin Barewa. Kun ga ke nan a gaban ɗalibai irinmu ya fara riƙe alli, kafin ya koma jami'a.

A Zariya ya haɗu da Farfesa Abdullahi Smith, wani Baturen Ingila da ya musulunta, wanda ya kafa Sashen Tarihi na jami'ar a 1962, kuma shi ne ya kafa Gidan Arewa da ke Kaduna a 1970. Smith ya riga ya soma girgiza wani abu da kowa ya ɗauka a kan gaskiya. Ya nuna cewa labarin Bayajidda da macijiyar rijiyar Kusugu bai isa ya bayyana yadda daulolin Hausa suka kafu ba. A ganinsa sai an duba yadda ƙauye ya bunƙasa ya zama gari, gari ya zama birni mai ganuwa da kasuwa, har birnin ya mallaki ƙasar da ke kewaye da shi. A ƙarƙashin wannan malami Bala Usman ya yi binciken digirinsa na dokta, ya kammala a 1974. An buga aikin ya zama littafi a 1981 da sunan The Transformation of Katsina, kuma ya bi tarihin ƙasar tun daga wajejen 1400 har zuwa 1883.

A nan ne nake so mu ɗan dakata, domin nan ne tsokar take. Kafin wannan aiki, yawancin littattafan da Turawan mulki suka bari suna ba da labarin jihadin 1804 ne kamar faɗan ƙabila biyu: Fulani sun taso sun kori Haɓe, shi ke nan. Amsa ce mai sauƙin hadda, shi ya sa har yau wasunmu suke rubuta ta a takardar jarrabawa. Bala Usman ya ce wannan bayani ya fi ɓoye abu a kan ya bayyana shi. Alal misali, malaman 'Yandoto, garin da ya shahara da ilmi a kudancin ƙasar Katsina ta wancan zamani, sun ƙi bin jama'ar Shehu har sai da aka yaƙe su. Haka kuma a cikin waɗanda suka bi jihadin akwai Hausawa manoma da almajirai masu yawa. In da faɗan ƙabila ne tsantsa, ina za a sa waɗannan?

Abin da ya yi sai ya duba yadda mulkin kansa yake tafiya, wanda ya kira tsarin sarauta. Watau wa ke riƙe da ƙasa, wa ke karɓar haraji da jangali, yaya sarki yake zama da masu sarauta na birni da na garuruwa, ina matsayin fatake da masu sana'a da malamai, kuma me ya sa wannan tsari da ya kafu tun zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15 ya soma tsagewa a ƙarshen ƙarni na 18. Da aka dubi abin ta nan, sai cin birnin Katsina a 1807 da hawan Malam Ummarun Dallaje suka zama rushewar wani tsarin mulki da ginin wani sabo. Zuriyar sarakunan da aka kora kuwa ba su ɓace ba, sun je sun kafa Maraɗi, suka ci gaba da kai hari. Ni dai a ganina wannan bayani ya fi wuyar riƙewa a ka, amma ya fi kama hankali nesa ba kusa ba.

To, ina ya samo duk wannan? Ya karanta rubuce-rubucen Larabci na malaman ƙasar nan, ya tona takardun Turawa da ke ajiye a Kaduna, sa'an nan ya bi garuruwa da ƙauyuka yana zama da dattawa yana rubuta abin da suka ji daga kakanninsu. A wancan lokaci akwai masana da ke raina labarin baka, suna ganin abin da Bature ya rubuta shi ne hujja. Bala Usman ya mai da martani da wata maƙala a kan Heinrich Barth, Bajamushen nan da gwamnatin Ingila ta aiko, wanda ya shigo Katsina a 1851 yana kiran kansa Abdulkarim. Barth mutum ne mai lura ƙwarai, ba wanda ya musa. Amma baƙo ne, kwanakinsa a birnin kaɗan ne, kuma bai ji daɗin yadda Sarki Muhammadu Bello ya tsare shi a kan maganar kyauta ba. Bugu da ƙari ya zo da nasa ra'ayin na mutanen Turai game da launin fata da ƙabila. Saboda haka, in ji Bala Usman, tambayoyin da ake yi wa tsohon da ke ba da labari a zaure su ne ya kamata a yi wa Barth: wane ne shi, a ina ya tsaya ya ga abin, wa ya faɗa masa, kuma me yake so mai karatu ya yarda da shi? Tawada ba ta mai da magana gaskiya.

Sauran rayuwarsa sananniya ce ga iyayenmu, don haka ba zan ja ta ba. Yana cikin kwamitin da ya tsara kundin mulkin ƙasa a 1975 zuwa 1976, inda shi da Dokta Segun Osoba suka ƙi amincewa da rahoton sauran, suka rubuta nasu dabam. Ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna a zamanin Alhaji Balarabe Musa na jam'iyyar PRP. A 1987 ya fitar da littafi a kan yadda masu neman mulki da dukiya ke fakewa da addini su haɗa talakawa faɗa. Gwamnatin soja ta kore shi daga jami'a a 1989, kotu ta mai da shi. Wasu na cewa zafin siyasarsa yakan shiga cikin rubutunsa, kuma ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma shi da kansa ya koya mana mu tuhumi kowane marubuci, to ai shi ma bai fita ba. Ya rasu ranar 24 ga Satumba, 2005, kuma har ya koma ga Allah Dokta Bala ake kiransa.

Yanzu bari mu gwada wannan awo a gida. Kafin jihadi, wannan yanki na kogin Haɗejiya ƙananan sarautu ne, irin su Auyo da Garin Gabas da Haɗejiya kanta, suna biyayya ga Barno. Daga baya Sambo ya haɗa su ƙarƙashin tutar Shehu. Ɗansa Buhari kuwa ya yi wa Sakkwato tawaye, ya ci rundunar da aka aiko masa a Gamon Kafur, ya yi ta kai hare-hare har ya rasu a 1863 a yaƙin ƙasar Bade. To, wane ne Buhari? In ka tambayi takardun Sakkwato, ɗan tawaye ne. In ka tambayi maroƙan fadar Haɗejiya, namijin duniya ne da ya ƙi a taka shi. Barth ma, da ya bi ta Gumel a 1851, ya ambace shi a littafinsa, amma da abin da mutanen hanya suka faɗa masa. Mu kuwa da garinmu yake wajen iyakar Kano da Haɗejiya a wancan zamani, kakanninmu suna da tasu ruwayar, ta mutanen da dawaki suka bi ta gonakinsu. Mai bin hanyar Dokta Bala ba zai zaɓi guda ya yar da sauran ba. Zai jera su, ya tambayi kowace daga ina ta fito, sa'an nan ya ƙara da tambayar da ba wanda ya yi wa waƙa: wa ke cin amfanin fadama da kamun kifi da hanyar fatake zuwa Barno, har ake zub da jini a kansu?

An taɓa yin irin wannan aiki a yankinmu. Wani Ba'amurke mai suna Victor Low ya tattara labaran baka na Gwambe da Katagum da Haɗejiya, ya buga littafi a 1972. Marigayi Farfesa Haruna Wakili na Jami'ar Bayero, wanda ya rasu a 2020, shi ma ɗan ƙasar Haɗejiya ne da ya yi suna a fagen tarihi. Amma dattawan da Low ya zauna da su sun daɗe da rasuwa, kuma kowace ambaliya, irin ta 2022, tana tafiya da takardun da ke cikin adakar wani gida. A ƙungiyarmu ta tarihi ina ba da shawarar kowa ya tafi hutun nan da littafin rubutu guda, ya nemi tsoho ko tsohuwa a unguwarsu, ya rubuta sunan garin da ranar da aka yi hirar, kuma kada ya manta ya tambaya: Baba, kai kuma wa ya faɗa maka?