Likitan haƙori, kafin ka sayi manhajar haraji

Aikina akanta ne, kuma cikin waɗanda nake duba wa littattafai akwai ƙananan asibitocin haƙori a Barnawa, Kakuri da Sabon Tasha. Tun da Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji ranar 26 ga Yunin 2025, aka kuma tsayar da 1 ga Janairun 2026 don fara aiki da su, tambayar likitoci ɗaya ce: wace manhaja za mu saya? Ni kuwa sai in ce a fara nuna mini asusun da kuɗin majinyata ke shiga.

A nan gizo ke saƙar. Mutum ya zo a cire masa haƙori, ya yi tiransifa zuwa asusun likita na kansa, wanda da shi ake biyan kuɗin makarantar yara. Wata ta zo ciko, ta biya ta POS. Dattijon da ake haɗa wa haƙoran roba yana biya kashi-kashi, wani da tsabar kuɗi, wani ta wayar ɗansa. Littafin rasit mai kabon kuwa yana cikin durowa, rabin shafukan babu kwanan wata. Babu manhajar da za ta warware wannan. Banki ya riga ya ajiye tarihin duk abin da ya shiga, kuma shi jami'in haraji zai gwada da abin da ka bayyana.

Saboda haka a buɗe wa asibiti asusunsa, a ɗaura POS a kansa, kowane biya a yanke masa rasit mai lamba ranar da aka karɓa. Kuɗin da ake bin kamfanonin inshorar lafiya a ware masa shafi daban.

Sai ka san wa kake bai wa rahoto. In sunan kasuwanci kawai ka yi wa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, harajinka na KADIRS ne, hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Kaduna, kuma 31 ga Maris ne wa'adin bayanin shekara. In kamfani ne, harajin riba na NRS ne, hukumar haraji ta tarayya wadda ta gaji FIRS. Harajin albashin ma'aikata dai na jiha ne a kowane hali, ana turawa kafin 10 ga watan gaba ya wuce. Kada kuma ka sakankance da rangwamen da aka yi wa ƙananan kamfanoni: dokar ta cire masu ayyukan ƙwararru daga cikinsa, don haka zauna da akantanka tukuna.

Shi kuwa rasit na intanet, da manyan kamfanoni aka fara shi a Agustan 2025, masu cinikin naira biliyan 5 zuwa sama, ana saukowa mataki-mataki. Akwai sauran lokaci, amma ga abin da ya sa ba na son a jira. Sabuwar dokar ta sa VAT na ayyukan lafiya a kan sifili, wato mai rajista zai iya neman a mayar masa da kashi 7.5 da ya biya a kan sayayyar asibiti. Sai dai da takarda. Daga yau, duk mai kawo maka kaya ko mai gyaran janareto da ya caje ka VAT, ka ce ya rubuta sunan asibiti da lambar harajinsa a kan rasit, sannan a ɗauki hotonsa a adana kafin tawadar ta dushe.