Gasar Adabin Hausa da Littafin Yara Mai Zane: Darasi Daga Wani Gari a Jamus

Manufar wannan takarda ita ce jawo hankalin ɗalibai ga wani giɓi da ke cikin tarihin gasar rubutun Hausa. Gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933, ƙarƙashin Dokta R. M. East, ita ta haifar mana da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Ta Kamfanin NNPC na Zariya ta fito da So Aljannar Duniya a 1980, ta Hukumar Al'adu ta Tarayya kuma ta ba mu Turmin Danya a 1982. Duk waɗannan an rubuta su ne domin wanda idonsa ya riga ya buɗe da karatu. Yaron da bai gama haɗa baƙi ba, babu rabonsa a ciki.

A Jamus akwai wani gari kusa da Bon mai suna Troisdorf. A 1982 aka buɗe gidan adana littattafan yara masu zane a wani tsohon gidan sarauta na garin, wato Burg Wissem. Garin kuma yana ba da kyauta ga littattafan irin wannan da aka buga da Jamusanci. Abin lura shi ne, zanen ake aunawa, mai zane ake karramawa, sannan a baje ainihin zane-zanen jama'a su gani. Gari ne ya ɗauki wannan nauyi, bai jira gwamnatin tarayya ba.

To, mu dawo gida mu dubi Kamba, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Dandi a Jihar Kebbi. Nijar na maƙwabtaka da ita, ƙasar Bagudo kuma ta haɗa iyaka da Binin. A wannan yanki za ka sami yaro yana Dandanci ko Fulatanci a gida, Hausa a kasuwa, Ingilishi a aji, ɗan baffansa na Gaya ko Malanbil kuwa Faransanci ake koya masa. Ko rubutun Hausar ma ba ɗaya ba ne, domin inda muke rubuta 'ya'ya, a Nijar ƴaƴa suke rubutawa. Amma zana masunci cikin kwalekwale a kan Kwara, ka rubuta jumla guda a ƙasa, yaran nan duka sun fahimta tun kafin malam ya buɗe baki. Daga zanen yaro yake lalubo kalmar.

Wani zai ce kuɗi ne matsala, kuma da gaskiyarsa, don buga launi yana da tsada. A ganina matsalar da ta fi wannan ita ce mu manazarta ba mu ɗauki mai zane a matsayin mawallafi ba. Ɗalibi nawa ne a wannan Sashe zai iya faɗin wanda ya zana hotunan littafin da ya koyi karatu da shi a firamare? Ni kaina na kasa, kuma na tambayi 'yan ajinmu ban sami ko ɗaya ba.